Injin Baba da Gabar da Na Ƙulla Masa

Ranar da Baba ya rasu, kafin azahar rumfar da aka kafa a ƙofar gidanmu na Bwari ta cika maƙil. Tsofaffin abokan aikinsa sun taho daga Garki, wasu da sanda, wasu ana riƙe da su. 'Yan kasuwa Kanawa da Katsinawa da yake haɗa sahu da su sun rufe shaguna. Matan Gbagyi maƙwabtanmu suka yi ta shigowa da kwanukan abinci, suna zama kusa da Inna. Kowa da abin da ya tuna. Wata ta ce fankar ɗakinta sau uku ya gyara mata bai karɓi ko sisi ba. Wani tsoho ya ce shekara talatin suna ma'aikata ɗaya bai taɓa jin ashar a bakinsa ba. Ina jin daɗin waɗannan maganganu, sai wata budurwa da ta rako uwarta ta ga hotonsa a bangon falo, ta zunguri ta kusa da ita ta ce, “Laa, ashe shi ne tsohon nan na bidiyo? Baba Saura Ƙiris?” Gwaggo ta watsa mata harara, budurwar ta ja bakinta. Amma na ji, kuma na san Inna ma ta ji.

A ƙofar gida aka yi masa salla, don haka daga ciki muna jin liman. Kafin a ɗauke shi ya ɗaga murya ya ce duk wanda mamacin ya saɓa wa, don Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa gaba ɗaya, “Mun yafe, Allah Ya yafe mana.” Ni kaɗai a gidan na san cewa mutum ɗaya tak Baba ya zalunta a rayuwarsa, kuma wannan mutumin ba ya cikin masu amsawa.

Washegari da hantsi ya zo. Baba mai walda muke ce masa, Bagbagyi ne, Kirista, manomin doya mai rumfar walda a bakin titi, kuma aminin Babanmu ne na sama da shekara talatin. Ina tsaye a zaure na hango shi ya tsaya a gefen rumfa, ya cire hula ya riƙe da hannu biyu. Ya tsufa fiye da yadda na san shi. Yaya, babban wanmu, ya tashi ya tare shi tun kafin ya taka tabarma. Ban ji duk abin da ya ce ba, amma na ji ƙarshen: “Kunyar da ka ba shi yana raye ta isa. Ka tafi kawai.” Tsohon ya ce, “Sorry, Allah ya ba ku haƙuri,” ya juya. Na koma ciki na ci gaba da raba wa mata ruwa. Abin da na iya ke nan, na kuma daɗe da ƙwarewa a kansa.

Bari in faɗi ko wane ne Baba, don mutane da yawa a garin nan sun san shi ne na daƙiƙa arba'in kawai, yana faɗuwa a kan bokiti.

Mai gyaran wutar lantarki ne a wata ma'aikatar gwamnati. A kwatas ɗin ma'aikata na Garki aka haife mu duka, ni ce auta. Da ya yi ritaya, Baba mai walda ne ya nema masa fili a Bwari kusa da gonarsa, shi ya kuma ƙera mana ƙofofi da tagogi. Baba yakan ce, “Shekara talatin ina haska ofisoshin manya, in dawo gida in laluba takalmina a duhu.” Ba ya faɗin haka da fushi, sai dai kamar wanda aka ba wa wani lissafi ya ƙi fita. Daga wannan damuwa injin ya samo asali. Ya ƙudura a ransa cewa in aka jera maganaɗisu a jikin wili yadda ya kamata, wannan ya ja, wancan ya tura, wilin zai yi ta juyawa ba fetur, ba batir, ba wutar gwamnati, har ya ba da wuta.

Ɗakin baya ya mayar wurin aiki. Wilin keke ya kafa a kan ƙafafun ƙarfe da abokinsa ya haɗa masa, ya naɗa wayar tsohuwar fanka a gefe, ya rataya ɗan ƙwan tocila. Maganaɗisun kuwa daga matattun sifiku yake ciro su. Shi ya sa ba ya karɓar kuɗin gyara. In ya gyara maka dutsen guga ko rediyo, ka ce nawa ne, sai ya ce, “Ba ka da wata mushen sifika a gida?” Har masu kiɗan biki sun san shi, suna aiko masa da nasu in sun ƙone.

Gidanmu ya sha wahalar maganaɗisun nan. Allurar Inna ba ta kwana inda ta ajiye ta. Cokula, makullai, almakashi, duk a ɗakin baya ake tsintar su, manne a jikin wili. Agogon hannun Baba bai taɓa faɗin gaskiya ba. Wata rana Kawu ya zo daga Zariya da darduma mai ɗan agogon nuna alƙibla a jiki, ya ƙi yarda da inda muka nuna masa gabas, ya ce shi na'urarsa yake bi. Kwana biyu yana salla yana fuskantar ɗakin injin. Da aka gane, Baba ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, “Ka gani ko? Abin da ya iya juya alƙiblar malami guda, wilin keke ne zai gagare shi?” Kawu bai ga abin dariya ba, ya rama sallolinsa yana ƙunƙuni.

Kowace Asabar da safe Baba mai walda yakan zo da doya biyu a hannu. “Oga” yake ce wa Baba tun zamanin ma'aikata, Baba kuma ya ce masa “abokina.” Aikinsu a rabe yake. Baba ya yi bisimilla ya tura wilin, abokinsa ya danna agogon wayarsa ya ƙirga tsawon lokacin da zai yi yana juyi. In ya tsaya, ya faɗi minti nawa, Baba ya rubuta a littafi ya ce, “Saura ƙiris.” Kullum saura ƙiris. In azahar ta yi Baba ya tafi masallaci, shi kuma ya zauna yana gadin wilin yana cin doya da manja. Ban sani ba ko ya taɓa yarda abin zai yi aiki. Na dai san bai taɓa fashin Asabar ba.

Ni kuwa malamar kimiyya ce a wata sakandare a Garki, kuma Baba ne ya sa na zama haka. Ina 'yar ƙarama yakan zuba yashi a takarda, ya zaga maganaɗisu ta ƙasa, in ga baƙin garin ƙarfe yana miƙewa yana bin hannunsa. Da na je jami'a na dawo da ilimi da baki, sai na fara yi masa karatu. Na ce, “Baba, wannan abin ba zai taɓa yiwuwa ba. Ƙarfi ba ya fitowa daga babu. Abin da ka tura shi da shi, shi kawai zai mayar maka, har ma da ragi.”

Ya ce, “Auta, wa yake tura rana?”

Na ce, “Allah.”

Ya ce, “To Shi ne Ya zuba ƙarfi a cikin dutsen nan. Ni ba ƙirƙira nake yi ba, roƙo nake.”

Na zana masa lissafi a bayan kalanda. Ya duba da kyau, ya gyara mini wata alama da na rubuta ba daidai ba, ya miƙo mini. Gaskiyata ce a kan injin, har gobe gaskiyata ce, ko shekara ɗari zai yi wilin nan sai ya tsaya. Amma abin da ke cina ba gaskiya ba ce, kunya ce. Ina jin nauyin a ce malamar kimiyya ubanta na neman wuta a wilin keke.

Asabar ɗin da abin ya faru, shekara biyu da 'yan watanni ke nan, Inna ta tafi suna. Mu uku ne a gidan. Baba ya samo wasu manyan maganaɗisu, ya ce yau ce ranar, har babbar riga ya saka. Na ƙi shiga ɗakin, na zagaya ta baya na leƙa ta taga. Baba mai walda na tsaye a jikin tagar daga ciki, ya ba ni baya, wayarsa a hannu. Na ɗaga tawa ta saman kafaɗarsa na fara ɗauka. Baba ya tura wilin da dukan ƙarfinsa. Ya juya, ya juya, ƙwan tocilar ya ɗan yi ja. Baba ya ɗaga hannu sama yana cewa, “Ga shi nan! Saura ƙiris! Saura ƙiris!” Sai wani maganaɗisu ya ɓalle, ya yi sama ya tafi da hularsa. Ya ja da baya, rigar ta harɗe shi, ya zauna daɓas cikin bokitin ruwa. Na toshe baki ina dariya, na sulale na koma kicin.

Mutum ɗaya na tura wa, wata abokiyar aikina. Na rubuta mata, “Dubi abin da nake fama da shi a gida.” Wallahi iyakar niyyata ke nan. Kafin Asabar ta zagayo bidiyon ya gama gari. An sa masa kiɗa, an maimaita faɗuwar sau uku. 'Yan acaɓa suka riƙa yi masa ihun “Saura ƙiris!” in ya fito masallaci. Wani mai shago, wai shi mai son sa, ya nuna masa a waya. An ce ya kalla sau ɗaya, ya miƙa wa mai ita, ya ce, “Na gode.”

Da Asabar ta zo, Baba mai walda ya iso da doyarsa kamar kullum. Ina gidan, ina ɗakin Inna, labule ne kawai tsakaninmu. Baba ya tare shi a tsakar gida, ya miƙa masa tabaransa na walda da ya saba barin su a ɗakin baya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Na ɗauka lokaci kake ƙirga mini da wayar nan.”

Ya ce, “Oga, wallahi ba ni ba ne.”

Baba ya ce, “To wane ne? Daga inda kake tsaye aka ɗauka. Mu uku ne a gidan nan, ni da kai da 'yata. 'Yata kake nufi?”

Taku uku ne tsakanina da labulen. Sai na ji tsohon ya ce, “A'a, oga.”

Baba ya ce, “To ɗauki doyarka. Na gode da zumunci.”

Inna ta ce, “Ikon Allah, mutum ba abin yarda ba ne.” Ni kuma na ce, “Wallahi kuwa, Inna.” Da bakina na faɗa.

Daga ranar Baba ya rufe wilin da tsohon zanen gado, ya sa wa ɗakin kwaɗo. Ya daina karɓar gyara. Masallaci kawai yake zuwa, shi ma ta lungun baya. In hanya ta bi ta gaban rumfar walda sai ya canza hanya. Liman ya yi masa magana a kan gaba, cewa ba kyau ta wuce kwana uku, balle da maƙwabci. Ya ce ya ji, amma zuciyarsa ta ƙi. Mutumin da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa, ya riƙe gaba shekara biyu da wanda bai yi masa komai ba, a kan zargin da ba shi da tushe. Ni na ɗora masa wannan kaya, ina kuma kallonsa yana ɗauke da shi.

Na sha shirya maganar. Nakan taho daga Garki ina bitarta a mota, in na iso in gan shi zaune a kan tabarma yana kallon bango, sai bakina ya yi nauyi, in ce bari sai ya ɗan warware. Na saya masa ƙaramar sola mai ƙwai uku, na ce ga wuta ba wahala. Ya sa mini albarka, ya bar Yaya ya haɗa ta, shi da ba ya yarda wani ya taɓa waya a gidansa. Na ɗauka kyauta za ta rage mini nauyi. Ba ta rage komai ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, wata rana da rana tsaka ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna. Na ce a raina yau kam zan faɗa. Kafin in buɗe baki ya ce, “Auta, kin san me ya sa nake ji da ke? Ke kaɗai kika gaya mini a fuskata cewa abin nan ba zai yi ba. Ba ki taɓa yi mini dariya a bayan ido ba.” Na ce, “Sha kununka, Baba.” Bayan kwana huɗu ya rasu.

Ranar da aka yi sadakar uku, da mutane suka ragu, na ce zan je sayen magani, na miƙe zuwa rumfar walda. Na same shi zaune a benci ba ya aikin komai. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a wurinsa. Ya ce, “Auta, kai ne? Ya haƙuri?”

Na ce, “Baba, na zo roƙo ne. Liman ya ce wanda Babanmu ya saɓa wa ya yafe masa, ba ka nan. Ba kai ka ɗauki bidiyon nan ba. Ni ce.”

Ko motsi bai yi ba. Ya ce, “Na sani.”

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, “Kana bayana a taga. Na ji numfashinka, na ji dariyanka. Tun ranar na sani.”

Na ce, “Me ya sa ba ka faɗa ba?”

Ya ce, “Ba ka ga fuskarsa ba lokacin da ya ce ‘'yata kake nufi?’ Ni na gani. In na ce e, wannan mutum ba zai tashi ba. Sai na ce, no problem, yaro ne, tsoro ya ji. Sati ɗaya zai je ya gaya wa babansa, oga zai aiko a kira ni, mu yi dariya.” Ya share fuska da tafin hannu. “Kowane Asabar ina wanka, in sa riga, in zauna nan. Na ce yau za a aiko. Shekara biyu, Auta.”

Na sha jin mutane na cewa da ma ƙasa ta tsage su shige, ban san gaskiya suke faɗa ba sai ranar. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da aka fita da gawa. Na ce ya yafe wa Baba, ya yafe mini.

Ya ce, “Babanka bai yi mini laifi ba, abin da ya gani ya yi aiki da shi. Amma ba a nan zan faɗa ba. A gaban mutane aka kore ni. Je ka gaya wa mamanka da wanka.”

Na koma gida na same su a ɗakin Inna, tana zaune a kan tabarmar takaba da carbi a hannu. Na faɗi komai, har da “wallahi kuwa” da na ce a bayan labule. Yaya ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya dafe kai. Inna ta daɗe tana jan carbi ba ta dube ni ba. Can ta ce, “Ya sha farkawa daga barcin rana yana kiran ‘abokina,’ in ya tuna sai ya juya wa bango fuska. Na ɗauka baƙin ciki ne, ashe kewa ce.” Sannan ta ce wa Yaya, “Ni ba ni da halin fita. Ranar bakwai kai da ita za ku je ku taho da shi, da ƙafa, ta babban titi.”

Haka aka yi. Yaya ya cire hula a gaban rumfar walda ya ba shi haƙuri, muka taho da shi a tsakiya, mutane na kallo. A ƙofar gida Yaya ya faɗa wa jama'a abin da ya faru, ya kuma faɗi wadda ta yi. Ina tsaye a zaure, duk idanu suka juyo kaina, na tsaya ban gudu ba. Aka zaunar da Baba mai walda kusa da liman. Da aka shafa addu'a ya miƙe ya ce, “Jama'a, ku shaida. Na yafe wa abokina. Tun yana da rai na yafe masa, shi ne bai sani ba.” Ya zauna. Game da ni bai ce komai ba, ni ma ban ga fuskar da zan sake tambaya da ita ba.

Na rubuta wannan ne don duk wanda ya taɓa kallon bidiyon nan ya yi dariya ya san ko wa ya yi wa. Ban zarge ku ba, ni na fara. In har yana cikin wayarka, don Allah ka goge, ka yi wa tsohon addu'a. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya karɓi yafiyar abokinsa. Gabar nan ta shekara biyu kuwa, ya Allah, kada Ka tambaye shi. Ni za Ka tambaya.